Batir Biyu Na Saya Motar Ba Ta Daina Ƙin Tashi Ba: Ko Yayan Matata Ya Cuce Ni?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, ina zaune a Ɗorayi. Wata takwas da suka wuce na sayi Corolla ƙirar 2005, otomatik, a hannun yayan matata. Wata biyar na yi ina hawanta lafiya lau. Daga nan ta tsiro da wani hali: in na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya daga wajen inji, sai shiru. Fitilun dashbod a kunne, rediyo na magana, amma inji ko motsi. In na yi ta maimaitawa, a karo na biyar ko na shida sai ta tashi kamar ba ita ba. Wani lokacin takan yi kwana uku ba ta yi min haka ba. Bakanikena ya ce batir ne, na saya. Bayan mako biyu ta koma gidan jiya, ya ce jabu aka ba ni, na sake sayen wani. Yanzu ya ce famfon mai ne, in kuma ba shi ba ne to sai birenbos, wato kwamfutar motar. Makon jiya a wani gidan mai a Kabuga ta yi min, layi a bayana ana ta danna min hon, sai da aka tura ni gefe. Ran nan raina ya ɓaci, na koma gida na ce wa matata yayanta ya san motar da ciwo ya laƙaba min. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wani abokina kuma ya ce bakin mutane ne, in nemi taimako. Malam, in mayar masa da motarsa ya ba ni kuɗina, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka mayar da motar, kada ka sayi famfon mai, birenbos kuwa ko sunansa kada ka bari a sake ambata maka a yanzu.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya fi komai daraja a cikinta shi ne wannan "ƙas" ɗin da ka rubuta. Ina kyautata zaton ba ka taɓa kwaikwaya wa bakanikenka wannan ƙarar ba. Mafi yawanmu in za mu gareji magana ɗaya muke tafe da ita: "Ta ƙi tashi." Mu miƙa makulli, mu nemi benci a inuwa. Wannan kuwa daidai yake da ka zauna gaban likita ka ce masa "ba ni da lafiya", ka ja bakinka ka tsuke. Ga shi kuma ciwon naka mai zuwa ne yana tafiya. Ranar da ka kai ta gareji, bugu ɗaya za ta tashi a gaban bakanike don ta kunyata ka, shi kuma sai ya koma canke. Canke a harkar mota da aljihun mai mota ake yin sa.

Ƙin tashi gida biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba. Akwai motar da in ka murɗa makulli injin ba ya juyawa kwata-kwata. Akwai kuma wadda injin ke juyawa, kana jin sa yana ta wulwulawa, amma ya ƙi kamawa. Gida na farko maganar wutar batir ce da kik, wato abin da ke juya injin. Gida na biyu maganar fetur ce da tartsatsin fulogi. Motarka a gida na farko take, famfon mai kuma ɗan gida na biyu ne. Aikinsa kawai ya turo fetur daga tanki zuwa inji. Da za a ciro shi ɗungurungum a ajiye maka a kan tebur, in ka murɗa makulli injin zai juya garau, tashi ne dai ba zai yi ba. Haka ma in tankinka ya bushe ƙaf. To ta yaya abin da rashinsa baki ɗaya ba ya hana inji juyawa, za a ce lalacewarsa ce ta hana? Wannan tambayar kaɗai ta isa ka riƙe kuɗinka.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa tsakanin yatsunka da inji, don ka gane me ke cewa "ƙas". Kik na'ura ce ta lantarki, ƙarama amma mai ci. A cikin daƙiƙa biyu ko uku da take juya inji takan ja wutar da ta haura amfiya 100, alhali rediyo da fitilun dashbod 'yan kaɗan suke sha. Shi ya sa maganar "ai rediyo na yi" ba ta wanke batir. Batirin da ya kusa mutuwa ma zai kunna maka rediyo ka ji labaran safe tsaf. Wutar da kik ke buƙata ta fi ƙarfin siririyar wayar makulli, don haka makulli saƙo kawai yake aikawa. A jikin kik akwai wani ɗan ɓangare da masu wayarin, wato masu gyaran wutar mota, ke kira solonoyid, shi ke karɓar saƙon, ya yi aiki biyu a lokaci guda. Ya tura ƙaramin haƙorin kik ya shiga cikin haƙoran babban faifan da ke bayan inji. Sannan ya maka wani ɗan zagayayyen tagulla a kan wasu 'yan ƙarafan tagulla guda biyu, su ne kwantak, sai babbar wuta daga batir ta samu gadar tsallakawa zuwa cikin kik. Wannan makawar ita ce "ƙas". Tunda kana jin ta da ƙarfi daga wajen inji, saƙonka ya isa ke nan. Makulli ya yi aikinsa, rile, wato ɗan makunnin da ke miƙa saƙon, ya yi nasa. Birenbos ba shi da laifi a nan. Abin da ya rage shi ne: an buga ƙofa, me ya hana babbar wuta wucewa?

Zatona ya fi ƙarfi a kan waɗannan 'yan tagullar biyu. Kik ɗin da Toyota ke sa wa motocinta na wancan zamanin, wanda mafi yawansa na kamfanin Denso ne, yana da ƙarko ƙwarai, amma an san shi da wannan larurar in ya tsufa. Duk lokacin da aka ta da mota sai an yi ɗan tartsatsi a wurin, kowane tartsatsi kuma yana gutsurar tagullar kaɗan. Ka lissafa: motar da ta kai shekara 20, ko sau huɗu kacal ake ta da ita a rana, an doshi sau dubu 30 ke nan. In aka buɗe maka za ka gani da idonka. Kowane ɗaya bai fi farcen babban yatsa ba, lanƙwasasshe, kuma za ka tarar ɗayan ya zaizaye ya yi kwarmi, baƙi ƙirin, kamar ɓera ya ci sabulu. Zagayayyen kuma duk ya yi tabo kamar fuskar da ƙyanda ta bari. Yana ɗan juyawa duk bugu, shi ya sa in ka yi ta maimaitawa, a karo na biyar ko na shida sai ya faɗa a kan wurin da ke da sauran lafiya, wuta ta wuce, mota ta tashi kamar ba ita ba. Duk abin da ka siffanta ya dace da wannan, har da kwana ukun da takan yi lafiya.

Sai dai ni daga nesa nake, kuma in na ce maka je ka kawai a canja, na zama bakanikenka na biyu mai canke. Gani ya kori ji. Ga abin da za ka yi da kanka a ƙofar gida, ba ko sisi.

Duk safiyar da ta yi maka gardama, kada ka yi ta murɗawa cikin fushi. Kunna fitilar cikin mota ta saman kanka, ko manyan fitilun gaba in tana fuskantar bango kuma gari bai gama wayewa ba. Murɗa makulli ka riƙe, idonka a kan hasken. In hasken ya dusashe sosai ko ya ɗauke, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko kan batir bai kama ba. Galibi a irin wannan ba "ƙas" ɗaya ake ji ba, sai "ƙarrrr" a jere kamar keken ɗinki, ko kuma injin ya juya a kasalance kamar mai ciwon baya. In kuwa ka ji "ƙas" ɗinka amma hasken na nan tar bai ko girgiza ba, to wuta na nan a cike, kik ne bai ja ba, zancena ya ƙara ƙarfi. In kuma wata rana shiru ka ji, babu "ƙas" babu komai, haske tar, ka taka birki ka mayar da giya daga P zuwa N ka sake gwadawa. Motar otomatik tana da wani makunni da ke hana ta tashi in ba a P ko N take ba, kuma shi ma yakan gaji. In ta tashi a N ka kama ɓarawonka.

Bayan haka ka ɗaga bonet ka kama kan batir da hannu, ka gwada juya shi. Bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Na sha ganin sabon batir fil a mota, amma maɗaurin kansa ya buɗe ya yi sako-sako, an cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani don ya kama. Wani kuma ya yi farin gari mai ɗan kore-kore kamar an barbaɗa masa ƙanzo. Duk wannan yana barin ƙaramar wuta ta wuce, ya tare babba. A kwance kan batir, a fara cire na alamar ragi kafin na alamar tarawa, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan kanwa ba tare da ya shiga cikin batirin ba, a goge da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau da sifana, na ragi a ƙarshe, a shafa ɗan giris a kai.

Kada ka tsaya a kan batir kaɗai. Bi baƙar wayar nan mai kauri da ta tashi daga ragi, ka ga inda aka ɗaure ta a jikin bodi, da wadda ta haɗa inji da bodi. Su ne at, ta nan wuta ke komawa gida. Ni wannan ta taɓa wahalar da ni. Shekarun baya ina da wata tsohuwar Peugeot, ta yi min irin wannan wasan har na sayi batir, na canja kik sukutum, tsugune ba ta ƙare ba. Wata rana a wani gareji, maigidan ya tafi sallar La'asar, wani yaron shago da bai wuce shekara 14 ba ya ce in ta da ita ya gani. Na murɗa, ta ƙi. Sai ya sa hannu can ƙasa, ya janye da sauri yana yarfe yatsu, ya ce, "Baba, wayar nan zafi take." At ce. Silin wayar duk sun tsittsinke a cikin roba, saura 'yan ƙalilan ke ɗauke da nauyin duka. Waya ɗaya aka canja. Kik ɗin da na cire lafiyarsa ƙalau, ya daɗe a bayan ƙofar ɗakina yana yi min dariya.

In kana da hali ka sayi 'yar mitar gwada wuta, irin ta masu gyaran rediyo, ka ajiye a mota. Lambobin da za ka riƙe kaɗan ne. Batirin da ya kwana a cike yakan nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna 12.2 rabi ne, in ya gaza 12 ya kusa ƙarewa. Lokacin da ake murɗa makulli kada ya faɗi ƙasa da 10 sosai. In mota ta tashi kuma, sai ka ga tsakanin 13.5 da 14.7, alamar altaneta na yin caji ke nan. In inji na aiki amma mita na nan a 12 da 'yan kai, altaneta ba ta ciyar da batir, kuma ko batir goma ka saya haka za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

A nan zan ja maka kunne a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Za ka ga an ta da mota, a zare kan batir inji na aiki, wai in ta mutu altaneta ce ba ta da kyau. A zamanin motocin kafireto an yi haka an kwana lafiya. A mota mai birenbos ganganci ne, domin batir shi ke daidaita wutar, da ka zare shi wuta na iya yin tsalle ta ƙona maka abin da lafiyarsa lau. Sai a wayi gari birenbos ɗin da aka yi wa ƙage ya lalace da gaske. Duk wanda ya kai hannu zai yi maka haka, riƙe hannunsa ka ce ya ɗauko mita. Haka kuma motarka ba ta tashi da turi. Mai giyar hannu ce ake sa wa giya ta biyu, a tura, a saki kuloci ta kama. Otomatik ko daga Kabuga aka turo ka har Tal'udu gumi kawai za a yi.

Akwai wani gwaji na ƙarshe da direbobin haya suka sani. Mota a P, an ja birkin hannu, mutum ɗaya ya riƙe makulli a murɗe, wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma ko doguwar sifana, a hankali, yana kaffa-kaffa da fanka da kuma babbar wayar da ke jikinsa. In ta tashi nan take, magana ta ƙare, ciwon a cikin kik yake, ko kwantak ko burushi, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikinsa. Amma wannan dabarar fita kunya ce a gidan mai, ba magani ba ce. Wanda ya mayar da ita abin yi kullum, wata rana zai fasa abin da ke ciki.

In gwaje-gwajen nan sun nuna kik, ba wurin bakanike za ka ba, aikin mai wayarin ne. Ka faɗa masa daidai yadda ka rubuto min, har da ƙarar, har da abin da fitila ta yi. Ka ce a sauke kik a buɗe a gabanka, a duba kwantak da burushi. Ka tsaya a wurin, kada ka ce za ka je ka dawo. In su ne, kuɗin canja su bai kama ƙafar kuɗin batir ɗaya ba. Wani zai ce maka gara a sayo kik ɗan Baljiyam a Ƙofar Ruwa a huta. Wani lokacin gaskiya ne, in cikin kik ɗin ya ƙone. Amma ka tuna ɗan Baljiyam ɗin ma daga jikin wata tsohuwar motar aka ciro shi, yana iya zuwa da tasa tagullar a cinye. In dole sai an saya, a jona shi da batir a gabanka ka ga yana harbawa yana juyawa, kuma ku yi magana da mai kaya a kan in bai yi ba za ka dawo da shi. Naka tsohon kuma ka saka a but ka tafi da abinka.

Za ka ce, to in ba batir ba ne, me ya sa da na sa sabo ta yi mako biyu lafiya? Dalili biyu. Sabon batir yana maka zagayayyen nan da ƙarfi fiye da wanda ya ɗan kwana biyu, sai ya danne ciwon na ɗan lokaci. Kuma garin sa sabon an kwance kan batir an sake ɗaurewa, wanda shi kansa rabin gyara ne. Ga ciwon da ma mai zuwa ne yana tafiya. Sai kowa ya ɗauka an dace, alhali an bar jaki ana dukan taiki. In batirin da ka fara saya yana hannunka, kai shi wurin mai cajin batir a gwada shi da na'ura, akwai yiwuwar ba jabu ba ne. Ba ina cewa batir ba ya mutuwa a Kano ba. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, shi ke cinye shi a ɓoye, sanyin hunturu kuma ya zo ya tona asiri da sassafe. Amma batir biyu sababbi a cikin wata uku, da alama ɗaya ba ta canja ba, wannan ba halin batir ba ne.

Saboda gaba, ga yadda ake gane gida na biyu, tunda mai tsohuwar mota ba ya rasa ziyartarsa. In injin na juyawa amma ya ƙi kamawa, kashe rediyo, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ka tsaya, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Za ka ji wani ɗan zuuu na kamar daƙiƙa biyu a motoci da yawa, famfon mai ke nan. In babu, a fara duba fiyus da rile kafin a sauke tanki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa a rizab suke yawo, a sha na dubu biyu a ƙara gaba. Famfon kuwa a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, yawan tafiya da tanki a ƙasa yana rage masa kwana, ga dattin ƙasan tanki da na jarkar 'yan bumburutu. In wata 'yar fitila mai hoton makulli ko ta tsaro tana ta ƙyaftawa lokacin da kake murɗawa, motar ba ta gane makullin ba ne, gwada ɗayan. A wannan gidan ne na'urar kwamfuta ke da amfani. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wani soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, nan ake jona ta ta karanto inda ke ciwo. Kada ka riƙe makulli a murɗe fiye da daƙiƙa 10, ka bari kik ya huce tsakanin gwaji da gwaji. In kuma da damina ce ka kutsa cikin ruwa mai zurfi, irin wanda ke taruwa a titunanmu a watan Agusta, motar ta mutu a ciki, kada ka kuskura ka murɗa makulli. In inji ya shaƙi ruwa, murɗawa ɗaya ta isa ta lanƙwasa ƙarfen cikinsa. A ja ta, a cire fulogi a fitar da ruwan tukuna.

Bakanikenka ba sai kun yi faɗa ba. Ban ɗauke shi maha'inci ba, na fi ɗaukarsa mutumin da aikin ya fita daga fanninsa amma yana jin nauyin cewa "wannan ba nawa ba ne". Wannan cutar ta yi mana yawa, ba a gareji kaɗai ba. Daga yau duk abin da aka ce ka saya, ka tambaya cikin ladabi: me ka gwada ya nuna maka shi ne? Mai sana'ar kirki zai ji daɗin tambayar, ya ja ka ya nuna maka. Wanda ya fusata ya ce kana koya masa aikinsa, ka gode masa ka nemi wani.

Yanzu mu zo kan abin da na fi jin tsoro a wasiƙar, domin kik ana gyara shi da hantsi a hau mota da azahar. Ka ce yayan matarka ya san motar da ciwo. Da wace hujja? Da bakinka ka ce wata biyar ka yi kana hawanta lafiya. Babu dabarar da mai sayar da mota zai yi ya sa zaizayayyar tagulla ta yi shiru wata biyar sannan ta fara. Da a makon farko ta yi maka haka, da na ce je ka ku zauna, domin addini ya ɗora wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da haƙƙin mayarwa in an ɓoye masa. Amma abin da ya gaji a hannunka bayan wata biyar naka ne, kamar taya da birki. Tsohuwar mota ka saya, kuma kowane ɓangare nata yana da ranarsa. Da tana hannunsa har yau, shi za ta kunyata a gidan mai.

Na san abin da ya faru. An tura ka gefe a gaban jama'a, ga kuɗin batir biyu sun tafi a wannan marrar, ka dawo gida da wuta a ciki, wadda ka tarar ita ta sha. Amma dubi inda ka ajiye baiwar Allah nan. Ka kira ɗan'uwanta, wanda suka fito ciki ɗaya, macuci. In ta kare shi ta saɓa maka, in ta bi bayanka ta ci amanar jininta. Shirun da ka ga ta yi shi ne kaɗai hanyar da ka bar mata, kuma ka gode wa Allah da ta zaɓe shi ba ta kwashi maganar ta kai gidansu ba. Magana zarar bunu ce, in ta isa kunnen surukai gyaran ya fi ƙarfin sifana. Kada ka jira sai an gyara motar sannan ka ba ta haƙuri, don kada ya zama sai da tagulla ta wanke yayanta ka yarda. Yau da daddare, bayan yara sun kwanta, ka ce mata ka faɗi abin da ba ka da tabbas a kai cikin fushi, ka janye, ta yafe maka. Kada ka haɗa da "amma ke ma". Girmanka ba zai ragu ba.

Abokinka mai maganar bakin mutane kuma, ka gode masa da kulawa. Ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma da addu'ar hawa abin hawa, wannan da ma abin riƙewa ne ko motar sabuwa ce dal. Amma kada ka ɗauki kuɗin kwantak ka kai wa mai cewa zai kwance mata ɗauri. Kambun bakan da ke sakin mota a murɗawa ta shida, ya kuma ji tsoron ƙotar guduma, a cikin solonoyid yake zaune.

Wanda ya fi kowa sanin tarihin motar nan shi ne mutumin da kake shirin yi wa fito-na-fito. Bayan ka shirya da matarka, kira shi ku gaisa, ka ce, "Yaya, motar nan ta fara yi min ƙas da safe, ko an taɓa buɗe kik ɗinta a hannunka? Wane mai wayarin ne yake duba maka ita?" Mai yiwuwa ya haɗa ka da wanda ya san wayoyinta tun shigowarta ƙasar nan, ko ma ya ce ku haɗu a garejin ranar Asabar. In an buɗe, ka ɗauki hoton 'yan tagullar ka aiko min, tare da abin da fitila ta yi da ka murɗa makulli.